Gahawa a Kofunan Kabet

Nazifi, kai ɗan ƙanwata ne, kuma kai ka kawo maganar, don haka kai da abokan nan naka ku gyara zama a bencin. Kun ce za ku buɗe shago a nan Gaya, ku kawo injin da yake matso gahawa mai ƙarfi 'yar mitsitsiya, wadda kuke kira espireso. Madalla, Allah ya sa albarka. Amma da na tambaye ka a wane kofi za ku zuba, dariya ka yi, ka ce, "Kawu, kofi ai kofi ne, injin shi ne magana." To ni Sale a kan gahawa na yi furfura, kuma ban taɓa ganin wanda ya kafa baki a inji ko a buta ba. Kofi mutum yake kaiwa baki, shi yake riƙewa, da shi ake ganinsa. Wannan na ƙarshen ku riƙe shi, don shi ya kusa raba ni da rumfata.

Wanke kofi shi ne aikina na farko a wurin maigidana, Alhaji Mamuda, Allah ya jiƙansa. Mutumin ƙauyen Balan ne. Ya tafi Makka ta ƙasa yana saurayi, ya daɗe a Sudan a kan hanya, can ya koyo gahawa. Da ya dawo sai ya kama rumfa haya a bakin kara, inda ake cinikin shanu ranar kasuwa. Da babana ya kai ni wurinsa, ni a zatona gobe zan fara zuba wa mutane. Ina! Baho biyu ya nuna mini, na sabulu da na ɗauraya, da wata tukunya a gefen murhu wadda kofuna suke zama a cikin ruwan zafinta har a buƙace su. In na gama wanki sai ya ɗauki ɗaya ya kai hanci. Ya ji ƙanshin sabulu ko kaɗan ne, duk sai su koma baho. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, hannuna bai taɓa buta ba.

Suyar 'ya'yan gahawa ita ya koya mini bayan nan, kuma nan na sha ranƙwashi. Kasko a kan gawayi, ba wutar ice ba, don hayaƙi yana shiga ciki. Kana juyawa ba tsayawa, kunnenka yana kan kaskon. Za ka ji sun fara ƙara tas-tas, launinsu ya koma kamar na busasshen dabino. Nan za ka sauke. Ka tsaya amsa gaisuwa, sun ƙone, sai ɗaci zalla. Daga nan sai ƙaramin turmin ƙarfe, ka daka da citta da ɗan kanumfari. Alhaji ba ya barin a daka tun a gida. A rumfa ake daka, don ƙarar turmin ita ce tallanmu, mutum yana can tsakiyar shanu zai ji ya san an ɗora. Sai buta mai siririn wuya, ta taso ka ɗaga, ta kwanta ka mayar, har garin ya zauna a ƙasa. Duk wannan kuna iya cewa injinku zai yi muku. Ban musa ba.

Amma kofin fa, injin ba zai zaɓa muku ba. Namu finjali ne, ɗan ƙaramin kofin tangaran, kurɓa biyu zuwa uku ya ƙare. Alhaji ya zaunar da ni ya bi shi gaɓa-gaɓa. Jikinsa ya zama mai kauri, saboda gahawar kaɗan ce, in kofin siriri ne kafin ka miƙa ta huce. Gindinsa daga ciki ya zama zagayayye kamar ƙwai, ba mai kusurwa ba, don in ka zuba ta gangara a hankali kumfar ta hau sama ta zauna, kuma gari ba ya maƙalewa a lungu. Bakinsa kada ya buɗe kamar kwano, ƙanshi zai gudu, kada kuma ya tsuke har hanci ya rasa wurin shiga. Leɓensa ya zama mai santsi, ya fi jikin siranta. Cikinsa fari, don mai sha ya ga launin abin da aka ba shi. Kofin silba yana ƙona leɓe. Na roba yana sa mata wari. Tambulan kuwa zafi ba ya zama a cikinsa, ga shi da saurin tsagewa. Kowanne ya gaya mini dalili.

Abu biyu ne bai taɓa gaya mini dalilinsu ba, ni kuma ban tambaya ba, don a lokacinmu yaro ba ya tsare maigidansa da tambaya. Na ɗaya, ba ya sayen kofi mai mariƙi ko kyauta ne. Na biyu, manoma da 'yan babur a kan tire ake kai musu, amma mutanen kara, wato Fulani masu shanu da dillalansu, ba a kai musu a tire. Riƙo finjalin za ka yi a ƙasa-ƙasa, ka bi ta gefen mutum kamar za ka wuce, ka sa masa a hannu. Haka na gani, haka na yi, har Alhaji ya rasu na gaji rumfar da butar da kwalin finjalansa.

Mutanen karan nan su ne ƙashin bayan cinikin. Manomi yana sha in ya sayar da hatsi, ɗan babur yana sha a tsaye ya wuce, amma masu shanu wuni suke yi. Babbansu shi ne Ardo Manu, dattijo dogo siriri daga rugagen wajen Gafasa. In ya zauna a bencina, sauran sai su biyo. Kullum a wancan ƙarshen bencin yake zama, yana kallon shanu. A ɗaya ƙarshen kuma Bello dillali, wanda yake auren 'yar Ardon. Ba sa haɗa ido, ba sa hira, in magana ta kama sai ta bi ta bakin wani na tsakiya. Ni dai na san Bafulatani ba ya cin abinci a kasuwa, balle a gaban surukinsa. Kowa ya san wannan a ƙasar nan. Amma da yake na taso na tarar suna shan gahawa a rumfar, sai na ɗauka ita gahawa ba ta cikin lissafin abinci.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana tsaka da fitar da kai. Ku kuna yara, ba za ku tuna ba. Daga nan har Ajingi gonaki suka tsaya cak. Manoma suka daina zama wurina, wanda yake auna tiya da tunani ba ya zancen gahawa. Kara ce kawai take motsi, don masu shanu suna rage dabbobi kafin ciyawa ta ƙare. Wato a shekarar nan, in ka cire mutanen Ardo, ba ni da kowa.

A cikin wannan hali aka kira ni suna a wani ƙauye bayan Gafasa, in dafa wa baƙi. Na ɗaure kwalin finjalai a bayan babur. A hanyar dawowa muka shiga wani yashi, babur ya kwashe, ni na faɗi gefe guda, kwali ya faɗi gefe guda. Ni ban ji komai ba sai ƙujewa a gwiwa. Da na buɗe kwalin kuwa, finjalan Alhaji Mamuda sun zama tsakuwa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na zaga Gaya kaf, ba finjali. Ga kasuwa ta matso. Matata ce ta ga na rasa yadda zan yi, ta buɗe kabet ɗinta ta fito da kofunan da aka yi mata jere da su tun na aure, waɗanda ko baƙo ba a taɓa ba wa ruwa a ciki ba. Farare tas, da furanni, da zanen ruwan gwal a baki, kowanne da mariƙinsa da ɗan farantinsa. Ta ce, "Ka yi amfani da su, amma ko ɗaya ya fashe ni da kai ne." Wallahi da na jera su a tebur sai na ji kamar an ƙara mini girma. 'Yan babur suka riƙa tsokanata, wai Sale ya zama otal. Kuma tunda kofi mai faranti ba ya miƙuwa ta gefe, sai na ɗora kowa a tire.

Ardo Manu ya zo ya zauna a wurinsa. Na kawo masa a tire, ina jin kaina. Ya dubi kofin, ya dubi shanu, ya ce, "Sale, yau cikina ba daɗi. Bar shi." Can Bello ya ce shi ma azumi yake. Na tsakiya kowa ya kawo nasa uzurin. Kasuwa ta gaba Ardo ya gaishe ni daga tsaye ya wuce. Wadda ta biyo baya, bencin nan ba kowa sai ƙuda.

Na san faffaɗan kofi yana sa gahawa ta huce, don haka nan na fara kai zargi. Na riƙa barinsu a ruwan zafi har sai sun gagari hannu. Ba wanda ya dawo. Na ce ko citta ce ta yi yawa, na rage. Na ce ko 'ya'yan gahawar ne, na canza wurin saye. Har tunanin ko wani ya yi mini baki na yi. Ana cikin haka mai rumfar, wani ɗan kasuwa na cikin gari wanda ya gaje ta daga mahaifinsa, ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce wani mai sayar da maganin dabbobi yana son wurin, kuma shi yana ganin wurina ya mutu. Ya ce zai dawo kasuwar jajibirin babbar salla, lokacin da kara take cika, in ya tarar da abin yadda yake, in kwashe kayana. Ban ga laifinsa ba. Amma na ji tsoro, don ban iya wata sana'a ba, gona kuma kun ji yadda ta yi a shekarar.

Inna Dije ce ta warware mini, wata tsohuwa mai tallan nono da take ajiye ƙwaryarta a inuwar rumfata tun zamanin Alhaji. Ta ga ina ta ɗanɗana gahawa ina tofarwa, ta ce, "Kai Kaɗo, me kake nema a cikin butar nan?"

Na ce, "Inna, abin da ya kori mutanenku nake nema."

Ta ce, "Ba ya cikin buta. Ga shi can a tebur yana ƙyalli."

Na ce ai waɗannan sun fi na da kyau da tsada.

Ta ce, "Shi ya sa. Kai yanzu Ardo guda, da rawaninsa, zai ɗaga wannan abu mai fure a tsakiyar kasuwa, ya kafa kai, mijin 'yarsa yana zaune? Shi kuma Bello ya ɗaga nasa a gaban surukinsa? Na da ɗin, in mutum ya dunƙule hannu, wa ya ga kofi? Ya kai hannu baki kamar zai gyara rawani, shi ke nan."

Na ce, "To amma ai kowa ya san suna sha."

Ta ce, "Sani daban, gani daban. Shekara nawa kana ba su, ka taɓa ganin Ardo yana sha?"

Na tsaya na yi tunani. Wallahi ban taɓa gani ba. Ina sa masa a hannu cike, in dawo in karɓa babu komai, amma kurɓar kanta ban taɓa kama ta da idona ba.

Zaɓen finjali a Kano shi ne aikin da na fi yi da natsuwa a rayuwata. Na mayar wa matata kofunanta cif, na hau mota na shiga birni wurin masu tangaran. Mai shagon ya baje mini kala-kala. Kowanne na ɗauka sai in sa yatsa in shafa gindinsa daga ciki, in ƙwanƙwasa jikinsa in ji kauri, in goga bakinsa a leɓena. Wanda ya tsallake wannan, sai in sa shi a tafin hannu in dunƙule, in juya hannun gaba da baya. In na hango fari ta tsakanin yatsu, na ajiye shi. Mai shagon ya gaji ya ce, "Baba, saye za ka yi ko dabo kake koya? Don ina ƙirga kayana fa." Na ce ya kwantar da hankalinsa. Akwai wasu masu kyau ƙwarai, kaurinsu daidai, amma bakinsu ya ɗan baje waje, yana leƙowa ta saman babban yatsa. Na bar su. A can ƙasan kanta na samo waɗanda nake so, ƙura ta rufe su don ba mai tambayarsu, bayansu ruwan ƙasa ba ado, cikinsu fari, ba mariƙi. Na dunƙule ɗaya na miƙa wa mai shagon hannu na ce me ke ciki. Ya ce ba komai. Na ce a ɗaure mini su duka.

Saura yadda za su sani. Ba ka zuwa ka ce wa Ardo, "Na gane kunya kake ji, na gyara." Ka faɗi haka ka kore shi har abada. Ranar kasuwar jajibiri na ɓoye tire, na daka gahawa da ƙarfi yadda turmin zai kai ƙarshen kara. Da Ardo ya zo wucewa ya ɗaga mini hannu, na ce, "Ardo, rana ta yi zafi. Zauna ka huta, ba sai ka sha komai ba." Sai ya zauna a wurinsa. Na ciro finjali daga ruwan zafi, na zuba, na riƙo shi ƙasa-ƙasa na bi ta gefensa. Hannunsa yana kan gwiwa, na ji ya buɗe ya karɓa. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Kafin azahar benci ya cika, na ƙaro wani na aro. Bello ma ya zo ya zauna a nasa ƙarshen, na bi ta gefensa shi ma.

Ana haka sai ga mai rumfa, da mai maganin dabbobin a bayansa har da igiyar awo. Ya tsaya ya ƙare wa benci kallo. Mutane reras, kowa hannu a dunƙule a kan gwiwa, kowa yana kallon shanu. Ba tire, ba kofi ko ɗaya a fili. Ya ce, "Ka gani ko, Sale? Ka tara mutane suna shan inuwa, ba mai shan gahawa. Wannan ai zaman banza ne." In na ce suna sha, na tona su. In na yi shiru, rumfa ta tafi. Shi kuwa mutumin gari ne, bai san al'adar mutanen kara ba, sai ya juya kai tsaye wurin babban cikinsu ya ce, "Ardo, kai ne dattijo a nan. Tsakaninka da Allah, kana shan gahawar mutumin nan?"

Na ga jijiyar hannun Ardo ta tashi, ya ƙara matse abin da ke ciki. Ba zai yi ƙarya ba, an haɗa shi da Allah, kuma ba zai amsa ba mijin 'yarsa yana ji. Ni dai na sallama, har na fara duban inda zan fara kwashe kaya.

Sai Bello ya miƙe. Ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Kamar ana kirana a wajen bijiman can." Ba wanda ya kira shi. Ya fita daga rumfar ya shiga rana, ya ba mu baya. A inda ya tashi, ga finjalinsa a kan benci, babu komai a ciki.

Ardo ya bari sai da ya yi nisa. Sannan ya juya hannunsa ya buɗe a gaban mai rumfa. Na kusa da shi ya buɗe nasa, na gaba ma haka, har ƙarshen benci. Ardo ya miƙo mini nasa a fili, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Ƙaro mini, Sale." Ya dubi mai rumfa ya ce, "Tun mahaifinka yana da rai nake sha a nan. Kada ka sake tambayata."

Mai rumfa ya sosa ƙeya, ya ce wa mai magani ya naɗe igiyarsa su duba wani wurin. Na zuba wa Ardo na biyu, ya sha a hankali, ya ƙi sauri. Bello yana can tsaye a tsakiyar rana, yana ta duba haƙoran wani bijimin da ba nasa ba, bai juyo ba sai da ya ji na ɗauraye kofin a baho.